Me ya sa ake kifa majinyacin da na'ura ke yi wa numfashi?

"Likita, barka da aiki. Mahaifinmu ne namoniya ta kama da tsanani, yau kwanansa huɗu a ɗakin kulawa ta musamman, an sa masa bututu a maƙogwaro, na'ura ce ke yi masa numfashi. Jiya da na shiga duba shi sai na tarar an kifa shi rub-da-ciki, fuskarsa a kumbure, da ƙyar na gane shi. Nas ta ce mini wai cikin magani ne, kuma a haka zai kwana. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mutumin da numfashi ke gagara, ta yaya za a danne masa ƙirji da nauyin jikinsa a ce taimako ne? Ko dai sun fid da rai ne suke gwaji a kansa? Ga kawunmu kuma yana ta faɗa, wai kwanciyar rub-da-ciki ba ta da kyau a addini."

Malama, sannu da jinya. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Abin da kika gani yakan tayar da hankalin kowa a karon farko. Ni ma ranar da na fara ganin an kifa mutum mai bututu a wuya, ina ƙaramin likita, sai da gabana ya faɗi.

In na fahimce ki, abin da ke cin ranki shi ne ko kifawar nan magani ce da aka san amfaninta, ko kuwa alama ce ta an rasa abin yi. Magani ce, kuma tana cikin 'yan abubuwa ƙalilan da aka tabbatar suna rage mutuwa a irin wannan ciwo. Ba a yi wa wanda aka fid da rai da shi, don aiki ne mai nauyi da ke cin mutum biyar a kowace juyawa. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, ba a kifa wanda ciwonsa ke da sauƙi. Tunda suka kai ga haka, huhun Baba ya ji jiki.

Abin da ke faruwa a cikin huhun

Huhu kamar soso yake, cike da 'yan ƙananan jakunkunan iska, miliyoyi ɗaruruwa. Bangon kowace ya fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba, ƙananan jijiyoyin jini kuma sun lulluɓe ta, kuma ta wannan bango oksijin ke ratsawa ya shiga jini. Idan namoniya ta tsananta, ko ƙwayoyin cuta suka bazu a jini, ko amai ya faɗa wa mutum a huhu, ko ya yi mummunan haɗari, sai bangon ya fara yoyo, ruwa mai kauri ya tsattsafo ya cika jakunkunan. Likitoci na kiran wannan hali ARDS. A 1967 aka fara bayyana shi a rubuce, a birnin Denba na Amurka, a kan majinyata 12 da kowane abin da ya kawo shi asibiti daban, amma huhunsu ya faɗa hali iri ɗaya.

Muna auna tsananinsa da wani ɗan lissafi. A ɗebi jini daga jijiyar da ke harbawa a wuyan hannu, a ga oksijin da ke ciki, a raba da yawan oksijin da na'ura ke bayarwa. Iskar da ni da ke muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin ɗinta, kuma lissafin lafiyayye yakan haura 400. Wanda ake ba kashi 80 cikin 100 amma jininsa bai nuna fiye da 70 ba, lissafinsa bai kai 90 ba. Ƙasa da 300 ciwon ya kama, ƙasa da 100 ya kai maƙura. In ya sauko ƙasa da 150 ya ƙi tashi, a nan ake fara maganar kifawa.

To yanzu ki ɗauki katifar soso da ruwan sama ya jiƙa sharkaf, ki shimfiɗa ta a ƙasa. Samanta zai riƙe iska, ƙasanta kuwa nauyin ruwan da ke bisansa ya danne shi ya lotse. Mutumin da ke kwance rigingine, bayan huhunsa ne ƙasan katifar. Ga nauyin jiƙaƙƙen huhun, ga zuciya ta kwanto a kai, musamman ta hagu, ga kayan ciki suna turo tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma ta wajen baya suka fi turowa, ballantana an ba mutum maganin barci tsokokinsa sun saki. Abin da ya ƙara dagula lamarin, naman huhu a baya ya fi yawa. Gaban ƙirji a tsuke yake, zuciya ta cinye wuri. Ke nan babban ɓangaren ne yake danne.

A shekarun 1980 wani likita ɗan Italiya, Luciano Gattinoni, da abokan aikinsa a Milan suka riƙa sa irin waɗannan majinyata a na'urar sikanin da ke ɗaukar hoton jiki yanka-yanka. Hoton ƙirji na yau da kullum yakan nuna huhun fari fat ko'ina, sai a zaci duk ya lalace bai ɗaya. Sikanin ya nuna ba haka ba ne. Baya ne fari, babu iska, amma a gaba akwai ɗan yanki mai iska, kusan lafiyayye, wanda girmansa bai wuce huhun ƙaramin yaro ba. Suka sa masa suna huhun jariri.

Nan haɗarin na'urar yake, kuma in kin riƙe wannan kin riƙe amsar tambayarki. Iska inda ya fi sauƙi take bi. Numfashin babban mutum gaba ɗaya sai ya tafi cikin huhun yaro, sau 25 ko 30 a minti ɗaya, dare da rana. Jakunkunan gaba su yi ta kumbura fiye da ƙima, kamar balan-balan da ake hurawa da famfon taya. Na tsakiya kuma su buɗe su rufe, su buɗe su rufe, har su ji ciwo. Na'urar da ke riƙe da numfashin mutum ita ce kuma ke iya ƙara wa huhunsa rauni. A 2000 wani babban bincike a Amurka, a kan majinyata 861, ya nuna cewa rage girman kowane numfashi daga mililita 12 zuwa 6 a kan kowane kilo ya sauko da mutuwa daga kusan kashi 40 zuwa 31 cikin 100. Kilon nan daga tsawon mutum ake lissafa shi, ba daga sikeli ba, don ƙiba ba ta ƙara girman huhu. Namiji mai tsawon santimita 170 numfashinsa a na'ura bai kamata ya wuce mililita 400 da yawa ba.

Abin da kifawa ke sauyawa

In aka juya katifar, ɓangaren da ya lotse ya dawo sama, nauyi ya sauka daga kansa, jakunkunan da suka rufe su fara buɗewa. Gaban da ya koma ƙasa zai ɗan danne, gaskiya ne, amma shi ƙarami ne, abin da aka samu ya fi abin da aka rasa. Zuciya kuma ta sauka daga kan huhu ta kwanta a kan ƙashin ƙirji. Sannan akwai wani abu da Allah ya halitta haka: jini ya fi gudana a bayan huhu, kuma ko an kifa mutum yawancinsa a can yake ci gaba da bi. Da mutum na rigingine, jinin yana wucewa ta wurin da babu iska, ya fito yadda ya shiga. Da an kifa shi, iska ta iske jini a inda yake. Shi ya sa a kusan mutum bakwai cikin goma oksijin ke tashi bayan kifawa, wani cikin rabin sa'a, wani sai bayan sa'o'i. Kaki da majinar da suka taru a can ƙasa su ma su samu gangara. Na sha ganin bututu ya cika da kaki minti kaɗan bayan juyawa, abin da aka yi ta zuƙa tun safe bai fito ba.

Maganarki ta danne ƙirji kuwa tana kan hanya, kin lura da abin da yake gaskiya. Gaban ƙirji ya fi baya laushi, kuma in ya kwanta a kan katifa motsinsa yakan ragu. Amma wannan ɗin ma riba ce. Laushin gaba ne ya sa iskar na'ura ke tururuwa can tana kumbura shi. Da ya ɗan taurara, sai iskar ta bazu har baya, kowane yanki ya ɗauki daidai ƙarfinsa. Kuma ki tuna ba Baba ne ke ɗaga ƙirjinsa da ƙarfinsa ba, na'ura ce ke tura iskar, ana kuma kallon matsin da take turawa da shi a allo. Ana sa filo a ƙarƙashin ƙirji da ƙugu don ciki ya samu sarari.

Dabarar ba sabuwa ba ce, amma ta daɗe kafin ta karɓu. Wani likita a Kanada, Charles Bryan, ya kawo shawarar a 1974, aka fara gwada ta a kan 'yan majinyata a 1976, oksijin ya tashi. Da aka zo manyan gwaje-gwaje sai murna ta koma ciki. Na Gattinoni a 2001, mutum 304, ana kifa su kamar sa'a bakwai a rana: oksijin ya gyaru, mutuwa ba ta ragu ba. Na Faransa a 2004, mutum 791, sa'a takwas a rana, shi ma haka. Likitoci da yawa suka ajiye abin, sai in an ƙure. Waɗanda suka nace suka koma suka duba, suka ga an haɗa masu sauƙin ciwo da masu tsanani, an fara a makare, an yi gajeren lokaci, kuma na'urar na bayar da numfashi mai girma.

Sai a 2013 Claude Guérin na birnin Liyon da abokan aikinsa suka fitar da binciken da ake kira PROSEVA, a ɗakunan kulawa 26 na Faransa da ɗaya a Sifaniya. Majinyata 466, duk lissafinsu ƙasa da 150, duk a kan ƙaramin numfashi, an fara da wuri, kuma kowace kifawa aƙalla sa'a 16 a jere. Bayan kwana 28, cikin waɗanda aka bari rigingine kusan kashi 33 cikin 100 sun rasu, cikin waɗanda aka kifa kashi 16. Bayan kwana 90, kashi 41 da kusan kashi 24. A aikinmu na kulawa ta musamman da wuya ki ga abin da ya raba mutuwa biyu haka, kuma ba allura ba ce, ba na'ura mai tsada ba.

Akwai abin da nake yawan nanata wa ƙananan likitoci a nan. Da aka koma aka bi bayanan wannan bincike, an ga cewa tsira ba ta rataya a kan yadda oksijin ya tashi bayan kifawa ba. Wanda lambarsa ta yi tsalle da wanda tasa ta ɗan motsa, duka sun amfana. Babban aikin kifawa shi ne kare huhu daga dukan na'ura har magani ya ci ƙarfin cutar, kuma kariya ba ta samuwa a sa'a biyu. Don haka ba na jin daɗi in ga an kifa mutum, lamba ta yi kyau, an yi hamdala, an mayar da shi bayan sa'a huɗu. Haka ba na son a jira sai mutum ya kai gargara a ce bari a gwada. In nas ta ce miki a haka Baba zai kwana, wannan ya nuna mini sun san abin da suke yi.

Yadda ake juyawar

Mu a inda nake aiki mun fi son mu kifa majinyaci bayan la'asar mu mayar da shi da hantsi. Sa'a 16 ta cika, kuma juyawa biyun duk sun faɗa lokacin da hannu ke da yawa. 'Yan sa'o'in da yake rigingine su ne na wanka, wanke baki, hoton ƙirji da duba fata.

Shiri ya fi juyawar kanta cin lokaci. A tsayar da abincin da ke bi ta bututun hanci, a zuƙe abin da ke cikin tumbi don kada ya yi amai. A zuƙe kaki. A duba lambar da ke jikin bututun numfashi daidai haƙori, a faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji, a ce 22, a sake ɗaure shi tam. A sa man ido a rufe idanun da filasta. A cire 'yan maƙalan da ke auna bugun zuciya daga ƙirji, a warware layukan ƙarin ruwa da robar fitsari, a ƙure oksijin. Sai a jera filo a kan ƙirji da ƙugu da ƙauri, a rufa zanen gado a sama, a haɗa bakinsa da na ƙasa a nannaɗe ta kowane gefe kamar naɗin tabarma, har mutum ya zama ƙunshi ɗaya. Biyu a dama, biyu a hagu, ɗaya a kai. Na kan shi ne liman: hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a kan bututu, kuma ba mai motsi sai ya ƙirga. A jawo majinyaci bakin gado, a tsaya. A ɗaga shi a kan gefensa, a tsaya, a kalli allo. Sannan a sauke shi a hankali, a juya fuska gefe, a sake karanta lambar bututu, a saurari ƙirji ta baya, a maƙala wayoyin zuciya a gadon baya. Hannu ɗaya a ɗaga kusa da kai, ɗaya a miƙe a gefe, kamar mai iyo, a karkata gadon gaba ɗaya kai ya ɗan fi ƙafa tudu. Duk bayan sa'a biyu zuwa huɗu a sauya gefen fuska da hannun.

Na taɓa karya wannan ƙa'ida, a wani asibiti da na yi aiki a baya. Cikin dare ne, mu uku kaɗai, ga wata baiwar Allah oksijin ɗinta na ta sauka, na ce mu juya ta haka nan. Ina riƙe da kai ina kuma taya ɗaga kafaɗa, bututun ya zame ya fito. Sai da muka mayar da ita rigingine a guje muka sake sa wani, lambar na faɗuwa muna kallo. Allah ya kiyaye ta rayu, amma tun daga ranar ban sake yarda a juya mutum ba sai hannu ya cika, kuma wanda ke kan bututu ba ya taɓa komai sai bututu.

Kumburin fuskar da ya firgita ki ruwa ne da ya gangaro inda ya fi ƙasa, leɓe da fatar ido suka fi nunawa. Yawanci yakan saɓe bayan an mayar da mutum rigingine, ba kuma alama ce ta ciwon ya ƙaru ba. Abin da ya fi damunmu shi ne gyambon kwanciya a goshi, kumatu, haɓa, ƙirji, ƙashin ƙugu da gwiwa, sai dannewar ido, sai jijiyar hannu da kan ji ciwo in an bar kafaɗa a miƙe fiye da kima. Duk waɗannan a hannun nas-nas suke, masu zagayowa cikin dare suna ɗaga kai suna gyara filo. Game da zafi kuwa, wanda za a kifa ana ba shi maganin barci mai nauyi da na kashe zafi, wani lokaci har da wanda ke sakar da tsoka gaba ɗaya don kada ya yi kokawa da na'ura.

Ba kowa ake kifawa ba. Mai karayar ƙashin baya ko wuya da ba a ɗaure ba, ba a taɓa shi. Mai kumburin ƙwaƙwalwa, wanda aka buɗe wa ƙirji ko ciki kwanan nan, mai mummunan rauni a fuska, mai karayar ƙugu, mai aman jini daga huhu, da wanda hawan jininsa ke faɗuwa duk da magani, sai an auna riba da hasara. Ƙiba ba ta hanawa, masu ƙiba ma sukan amfana ƙwarai, hannu kawai ake ƙarawa. Mai juna biyu ma ana iya kifa ta in an tsara filo yadda ciki zai zauna a sarari.

Sauran kwanciya

In an mayar da Baba rigingine, za ki ga ba a miƙar da gadon samɓal ba, an ɗaga wajen kai ya kishingiɗa, digiri 30 zuwa 45. Dalilin shi ne abin da ke cikin tumbi yakan biyo maƙoshi ya silale ta gefen bututu ya shiga huhu, ya haifar da sabuwar namoniya a kan ta da. Wani bincike a Basalona ta Sifaniya a 1999, a kan mutum 86, ya samu wannan namoniya a kashi 23 cikin 100 na waɗanda aka shimfiɗe, kashi 5 a waɗanda aka kishingiɗar. Wannan abu ne da ke kanki za ki iya lura da shi. In kin ga gado a shimfiɗe, ki tambaya cikin ladabi, wataƙila akwai dalili, wataƙila an sauke ne don wanka aka manta.

Kwanciyar gefe tana da nata wurin, in huhu ɗaya ne ya lalace: a sa lafiyayyen a ƙasa don jini ya fi gangarawa can. In kuwa jini ko mugunya ke fita daga marar lafiyar, sai a juya lissafin, shi ya koma ƙasa kada ya malalo cikin mai kyau. Amma in huhu biyun ne suka jiƙe, kwanciyar gefe ba ta maye gurbin kifawa.

Lokacin korona, daga 2020, mutane da yawa sun ji ana cewa mai wahalar numfashi ya kwanta rub-da-ciki tun yana farke. Wani bincike na ƙasashe shida da ya fito a 2021, mutum sama da 1,100 masu karɓar oksijin mai ƙarfi ta hanci, ya nuna hakan na rage yawan waɗanda ke kaiwa ga bututu. Amma a asibiti aka yi shi, ana sa ido. Wanda numfashi ke gagara a gida asibiti zai tafi, ba kifa shi za a yi a jira ba. Jarirai kuwa rigingine ake kwantar da su barci, wannan magana ba ta shafe su ba ko kaɗan.

Mu a nan

Ko a ƙasashen da ke da komai, an daɗe ba a yin kifawa yadda ya kamata. Wani bincike a ƙasashe 50 da aka buga a 2016 ya samu cewa cikin masu ARDS mai tsanani kashi 16 cikin 100 kawai aka kifa. Tsoron fitar bututu ne da nauyin aikin. Mu kuma namu ƙarin shi ne ƙarancin ma'aikata da tsadar gwajin jinin da na ambata, wanda ba kullum ake samunsa ba. Likitoci a Kigali ta Ruwanda sun nuna a 2016 cewa ana iya gane ciwon da 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa haɗe da hoton ƙirji ko sikanin huhu irin wanda ake yi wa masu juna biyu, kuma wannan ya taimaki irinmu sosai. Sai dai ita ma 'yar na'urar tana da aibi da ya shafe mu kai tsaye: wani bincike a Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna takan nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga masu baƙar fata kusan ninki uku. Shi ya sa in ta nuna mini 90 a yatsan majinyacina ba na sakin jiki. Duk da haka ina ganin kifawa ta fi dacewa da mu fiye da kowa. Na'urar da ke fitar da jini waje ta sa masa oksijin ta mayar, wadda ake komawa gare ta a Turai in komai ya ƙi, da wuya a same ta a yankinmu. Zanen gado biyu, filo huɗu da mutum biyar da suka yi atisaye tare kuwa ba su fi ƙarfinmu ba.

Maganar Kawu kuma tana da tushe, kada ku yi masa gardama a kan asalinta. Akwai hadisi a Abu Dawud da Ibn Majah da ke nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kwanciyar rub-da-ciki. Fatawa ta malamai ce, ni likita ne. Amma sanannen abu ne cewa addini ya sauƙaƙa wa marar lafiya har a salla da azumi, kuma larura tana da hukuncinta. Baba bai zaɓi wannan kwanciya don jin daɗi ba, ba ya ma cikin hayyacinsa. Ku roƙi Kawu ya kai maganar wurin malamin da ya amince da shi, ya faɗa masa yadda take: likitoci sun ce magani ce da ake fatan ta ceci rai. Iyalan da na ga sun yi haka sun dawo da natsuwa.

Ban ga Baba ba, ban ga hotonsa ko sakamakon jininsa ba, don haka ba zan iya ce miki ga yadda za ta kaya ba. Kifawa ba ta kashe ƙwayar cuta, wannan aikin maganin namoniya ne da ƙarfin jikinsa, ita lokaci take saya masa. Ko a binciken PROSEVA, a hannun ƙwararrun da suka shekara suna yi, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka kifa bai kai kwana 90 ba. Shekaru, ƙoda, zuciya da ciwon suga duk suna da nasu tasirin. Kuma kada ki karaya in kin ga an mayar da shi an sake kifawa, a wancan binciken sau huɗu ne matsakaici. Ana dainawa ne in ya yi aƙalla sa'a huɗu rigingine lissafinsa bai sauko ƙasa da 150 ba, alhali oksijin da ake ba shi bai wuce kashi 60 cikin 100 ba.

In kin samu likitansa gobe, ki tambaye shi kashi nawa na oksijin na'ura ke bayarwa yau, nawa ne jiya. Wannan lambar, in tana sauka a hankali daga 80 zuwa 60 zuwa 50, ta fi wadda ke walƙiya a allo faɗa miki gaskiya. Ki tambayi yadda yake yi in an mayar da shi rigingine, ki tambayi halin ƙodarsa da hawan jininsa, ki roƙi nas ta nuna miki goshinsa da kumatunsa in an juya shi. In kin shiga kin tarar da shi a kife, ki zagaya gefen da fuskarsa ke kallo, ki durƙusa daidai kunnensa, ki riƙe hannun da ke sama, ki yi masa sallama ki faɗa masa ke ce. Wasu daga cikin majinyatana da suka farfaɗo sun ce mini sun riƙa jin muryoyin 'ya'yansu, ko da ba su iya tuna abin da aka ce ba.